Wanda Zai Zauna Ranar Ɓarna

Litinin, da yamma

Yau Malam Sake ya raba mu rukuni-rukuni don aikin ƙarshen zango a kwas ɗin gina shafukan intanet. Sunansa na gaskiya na nan a jikin ƙofar ofishinsa, amma ba mai kiransa da shi, tunda duk aikin da ka kai masa kalma ɗaya yake rubutawa a sama da jan biro: sake. Ni sau ɗaya ya taɓa rubuta min, kuma har yau ban yafe ba.

An haɗa ni da Anti da Dogo. Anti matar aure ce mai 'ya'ya uku, ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta dawo karatu, jakarta ba ta rabuwa da biskit da maganin ciwon kai. Dogo kuwa kowa ya san shi a filin ƙwallo, a aji ne ake tambayar ko baƙo ne. Da aka kira sunayenmu, na bayana suka riƙa yi min sannu sai ka ce an yi min rashi. Ni ko a jikina. Rukunin da ba mai yi min gardama, ai shi nake so.

Aikin da ya faɗo mana: shafin da ɗalibi zai shiga ya kama kujera a ɗakin karatu tun yana gida, maimakon ya zo ya tarar an ajiye jaka a kowace kujera. Kafin Malam ya gama bayani na riga na ga shafin a kaina, har da launinsa.

Laraba, bayan lakca

Malam ya yi mana bayanin yadda zai raba maki. Aikin gida na kowane mako yana nan daram, gwajin tsakiyar zango yana nan, jarrabawa tana nan, ga kuma aikin rukuni a kai. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka san fa muna da wasu kwasa-kwasan."

Malam ya ce, "Na sani. Su ma sun san da ni."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka.

Sai ya zo kan abin da 'yan ajin gaba suka daɗe suna tsorata mu da shi, wato ranar ɓarna. Ranar da za a kai aiki, rukuni zai zo da kwamfutarsa, kowa ya juya baya ya fuskanci bango. Malam zai zauna ya lalata wani abu a cikin kod ɗin da muka rubuta, abu ɗaya tak. Sannan ya sa hannu a kofin shayinsa ya zaro suna. Wanda aka zaro shi zai zauna ya gyara shi kaɗai, cikin kwata na awa, ba mai ce masa uffan. Makin da ya samo shi ne makin rukuni gaba ɗaya. Shi mai zaman kuma, in ya gyara, akwai ƙarin maki goma nasa na kansa, ladan zufa.

"Duk wanda ya gina gida da hannunsa ya san inda yake yoyo," in ji Malam. "Wanda aka gina wa kuwa sai dai ya tara bokiti."

Na juya na kalli Dogo. Yana cin gyaɗa.

Ban damu sosai ba. Zan rubuta aikin ya yi kyau, in nuna musu inda komai yake a makon ƙarshe, sauran kuma sai addu'a kofin nan ya san sunana.

Asabar, da hantsi

Yayata, wadda nake zaune a gidanta, ta tafi aiki, mijinta ya kwashi yara zuwa gidan mahaifiyarsa, gidan ya zama nawa. Na baje a teburin falo, fanka na juyawa, na rubuta shafin shiga da na rajista a zama ɗaya. Wallahi ba abin da ya kai wannan daɗi, ka rubuta abu, ka danna, ya yi abin da ka ce. A gidan nan ko kyanwa ba ta yi min haka.

Hannuna na dama yana ɗan yi min tsami daga wuyan hannu zuwa yatsu. Na yarfe shi na ci gaba. Ba komai ba ne.

Talata, da safe

Aikin gida na wannan makon ya fi na wancan tsawo. Mutumin nan ba ya barci, shi ya sa yake baƙin ciki da namu.

Alhamis, da azahar

Taron rukuni na farko, a kantin shayi na bayan ɗakin kwamfuta, teburin nan mai ƙafa ɗaya gajera da ake cusa wa kwali. Na raba aiki. Anti za ta rubuta rahoto, Dogo zai je ɗakin karatu ya ɗauko hotunan kujeru, ni kuma in yi sauran.

Anti ta ce, "Ƙanwata, sauran nan ai shi ne aikin."

Na ce, "Anti, ke ga yara ga miji ga girki. Ki bar min, na saba."

Dogo ya sara min ya ce, "Yadda kika ce, Shugaba." Daga yau wai sunana ke nan.

Da na ɗauki kofi sai ya suɓuce, shayi ya malale a kan siket ɗina. Ban ji lokacin da yatsun suka saki ba. Na ce zafi ne ya ƙona ni. Anti ta miƙo min hankici, ta daɗe tana kallon hannun.

Ba komai ba ne.

Juma'a, da yamma

An raba takardun gwajin tsakiyar zango. Nawa dai yadda aka saba. Na fito ina jin kaina a sama, sai na tarar da Dogo zaune a kan matakala, ya naɗe takardarsa kamar zai hura wuta da ita. Na tambaye shi nawa, ya buɗe min. Ban san ana iya samun maki kaɗan haka ba in dai mutum ya rubuta sunansa daidai.

Ya ce, "Shugaba, sashe sun kira ni tun farkon zango. Wannan kwas ɗin karo na biyu ke nan ina yin sa. In na sake faɗuwa, sun ce in tattara."

"Ka tattara ka koma wani sashen?"

"In tattara in koma gida."

Ya faɗa yana murmushi, kamar labarin wani yake ba ni. Ya ce mahaifiyarsa tana gaya wa maƙwabta ɗanta injiniyan kwamfuta ne, har wayoyinsu suke kawo masa in ya je hutu.

A mota na yi ta juya abin. Ko da rukuninmu ya samu maki mai kyau, da wannan gwajin nasa sai ya yi abin al'ajabi a jarrabawa kafin ya tsallake. Abin ya tsaya min a rai, ni da ban ma san cikakken sunansa ba sai da na gani a takardar.

Litinin, da rana

Yaya ta kama ni ina ƙoƙarin ɓalle maɓallin riga da haƙori. Ba ta yi faɗa ba, mayafinta kawai ta ɗauka. Mun je asibiti. An ɗauki hoto, an lanƙwasa, an ƙwanƙwasa, an tambaye ni tun yaushe, na faɗi rabin gaskiya, Yaya ta cika sauran. An ɗaure hannun da wani abu mai ƙarfe a ciki. Likita ya yi magana mai tsawo. Abin da zan rubuta a nan shi ne ya ce kada in taɓa kwamfuta sai ya sake ganina.

Talata, da safe

Da hagu nake rubutu. Kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Alhamis, da la'asar

Na gaya musu. Na yi zaton za su firgita, sai Anti ta buɗe jaka ta ba ni biskit, Dogo kuma ya jawo kwamfutata gabansa ya ce, "To ki faɗa, in rubuta."

Allah ya ba ni haƙuri. Yaron nan da yatsu biyu yake bugawa, kuma kafin ya danna kowane harafi sai ya neme shi kamar ya ɓata a kasuwa. Abin da nake yi kafin shayi ya huce, mun kwashe awa muna kai. Da jan rubutu ya fito a allo, alamar an yi kuskure, sai ya yi wuf ya rufe kwamfutar.

Na ce, "Me ka yi haka?"

Ya ce, "In na buɗe wani lokaci yana tafiya."

"Dogo, kuskure ne, ba mai bin bashi ba. Buɗe ka karanta abin da ya ce."

"Au, karanta shi ake yi?"

Shekara uku a sashen nan! Na rasa dariya zan yi ko ihu. Anti ce ta gyara tabarau ta karanta mana jan rubutun da ƙarfi, a hankali, da muryar da take karanta wa 'yan aji biyu labari. Abin mamaki, da ta karanta sai ga shi ya faɗi layin da matsalar take, ƙarara. Dogo ya riƙe baki ya ce ashe abin nan yana da ladabi.

Mun tsaya a wajen da ake kama kujera. Na ce ya rubuta a fara duba ko wani ya riga ya kama ta, sannan a ba mutum. Ya tambaye ni don me. Na buɗe baki in ce "haka ake yi", sai na ga ba amsa ba ce. Na ce ya ɗauka shi da Anti sun danna kujera ɗaya. Ya ce ai sai ya bar mata, babba ce. Na ce kwamfuta ba ta da tarbiyya, sai an koya mata. Sau uku ya rubuta wajen nan yana gogewa kafin ya zauna daidai.

Na dawo gida a gajiye, muryata ta dushe. Amma na ci abinci da yawa, har Yaya ta ce ko asibitin ne ya buɗe min ciki.

Asabar, da hantsi

Sun zo gidanmu. Anti ta zo da autarta a goye, Dogo ya zo da burodi, wai ba a zuwa gidan shugaba hannu rabbana. Yaya ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce ya sunkuya kada ya fasa mata fanka.

Ina zaune ina kallonsu suna aiki, hannu a kan matashi, sai wani tunani ya zo min. Yatsa ɗaya na hagu ba zai iya gini ba, amma zai iya ɓarna. Na ce su juya su kalli bango. Na goge abu ɗaya, na ce su juyo.

Anti ta gano shi kafin autarta ta gama shan nono. Dogo ya daɗe, ya yi zufa, ya roƙi a ba shi alama, na hana. Da ya gano sai ya miƙe ya zaga falo da gudu hannu a sama, saura kaɗan maganar Yaya ta tabbata.

Mun yi ta yi har azahar. Ban taɓa sanin lalata abu yana da daɗi haka ba. Yanzu na fahimci abin da ya sa Malam Sake yake zuwa aiki da fara'a.

Litinin, da yamma

Yatsuna biyu na dama ba sa jin sanyi ba sa jin zafi. Na gwada da ƙanƙara. Ban gaya wa Yaya ba.

Laraba, bayan lakca

Na je ofishin Malam da takardar likita, saboda aikin gida na mako-mako. Ofishin nan kamar rumbun takardu, kujerar baƙi ma fayil ne zaune a kanta, sai a tsaye na yi magana. Na shirya jawabi tun daga gida a kan yawan aikin da yake ba mu, da yadda mutane suke da rayuwa ban da kwas ɗinsa. Ya karanta takardar, ya kalli hannun, ya ce, "Aikin gida ki zo ki faɗa min da baki, ina ji. Ba zan rage ba."

Na ce, "Malam, ko kaɗan?"

"Hannunki ne ke ciwo, ba kanki ba."

Jawabin da na shirya ya tashi a banza. Haushi ya kama ni, amma ina saukowa daga bene na ji wani sanyi a raina. Tun da aka ɗaure hannun nan kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai, shi kaɗai ne ya yi min magana kamar da.

Ya tambayi wa ke rubuta aikin rukuni yanzu. Na ce Dogo da Anti. Ya ɗaga gira ya ce, "To." Daga Malam Sake, wannan "to" ɗin kusan lambar yabo ce.

Juma'a, da safe

Dogo ya fara amfani da yatsa na uku. Anti ta ce a yi walima.

Lahadi, da la'asar

Shafin ya tsaya da ƙafarsa. Ba yadda na gan shi a kaina ba ne. Anti ta nace a ƙara girman rubutu saboda masu tabarau, Dogo ya zaɓi wani kore mai kama da rigar 'yan ƙwallo, na yi gardama aka kayar da ni biyu da ɗaya. A kwamfutata! Amma yana aiki, kuma in na tambayi kowannensu me wannan layin yake yi, sai ya faɗa min ba tare da ya kalli silin ba.

Dogo ya daina zuwa fili. Abokansa sun zo har ƙofar ɗakin kwamfuta suna kiransa, ya leƙa ya ce musu yana da taro. Ya dawo ya zauna yana gyara wuyan riga, sai ka ce wani manaja.

Duk da haka gabana yana faɗuwa in na tuna kofin nan. Anti in an zaro ta, mun tsira. Dogo kuwa rabi da rabi ne, wata rana ya gano cikin minti biyar, wata rana ya zauna yana kallon allo kamar an aiko masa da sammaci. Ni ban taɓa ganin wani harafi ban da A a takardata ba, kuma ba na jin kunyar cewa ina son abuna.

Talata, da rana

Asibiti kuma. Wani gwajin, da wayoyi da allurai ƙanana. Likitan ya kira wani likitan, suka yi magana ƙasa-ƙasa. A hanya Yaya ta saya min lemo ban roƙa ba. An ba mu ranar komawa, bayan jarrabawa.

Jibi ne ranar ɓarna. Gara in yi tunanin wannan.

Alhamis, da yamma

Bari in rubuta a hankali, ko hagun za ta gaji.

Mu ne rukuni na huɗu. Na gabanmu sun fito ɗaya tana kuka, biyu suna faɗa. Muka shiga, muka ajiye kwamfuta, muka fuskanci bango. Akwai wata tsaga a fentin bangon nan, na san ta yanzu kamar tafin hannuna. Ina jin Malam yana danne-danne a bayanmu, har da ɗan waƙe-waƙensa a hanci. Sai ƙarar takarda a kofi.

Sunana ya kira.

Watanni ina roƙon wannan, sai ya zo ranar da ba ni da hannun karɓa. Na juyo. Malam ya kalli ɗaurin ya ce, "Da yatsa ɗaya lokaci zai ƙare kina neman haruffa, kuma likita ya hana. Ki zaɓi wanda zai zauna a madadinki. Makin rukuni daga hannunsa, goman ma tasa."

Anti ta gyara tsayuwa, ta fara ciro tabarau. Kowa a ɗakin ya san amsar, har Dogo, don ya riga ya koma ya fuskanci bango abinsa. Na kalli bayansa. Rigar ta jiƙe tsakanin kafaɗu tun ba a fara ba. In Anti ta zauna, A ɗina na nan, shi kuma sai abin da jarrabawa ta yi da shi. In shi ya zauna ya gyara, goman nan za ta ɗaga shi. In ya kasa, mu uku mun sha ƙasa, kuma ni na jawo.

Na ce, "Dogo."

Ya juyo ya ce, "Na'am?" Ya ɗauka aike zan yi masa.

Na kalli Anti, don makinta ne ita ma na sa a caca ban tambaye ta ba. Ta mayar da tabarau cikin jaka, ta ce, "Je ka zauna, ɗan nan, kujera na jiranka."

Muka koma bango ni da ita. Ina jin yatsun nan uku, ƙwas, ƙwas, sai shiru. Sai muryarsa, a ƙasa, "Malam, ba jan rubutu."

Malam ya ce, "Ban ce za a samu ba."

Duk ɓarnar da na yi musu a falo, irin mai ihu ce, wadda allo ke nuna ja. Ban taɓa yi musu mai shiru ba, wadda shafi zai buɗe lafiya lau alhali ciki ya ruɓe. Ban koya masa wannan ba. Na ji kamar in juya in ƙwace kwamfutar da haƙori. Anti ta kamo hannuna na hagu ta matse.

Sai na ji ya daina bugawa ya koma danna linzamin kwamfutar. Ya shiga, ya fita, ya yi rajista, ya sake shiga. Yana magana shi kaɗai, "To ni ne ɗalibi. Na zo. Na kama kujera." Shiru. "To ga Anti ta zo." Danna. Shiru. Sai ya ce da ƙarfi, "Kai! Ya ba mu kujera ɗaya!"

Malam ya cire wajen da ake duba ko an riga an kama kujera, wajen nan da Dogo ya rubuta sau uku. Malam ya ce saura minti biyu. Yatsun suka fara, a hankali kamar kullum, wallahi ko gobara ake yaron nan ba zai yi sauri ba. Malam ya ce lokaci ya cika. Bugun bai tsaya ba. Na ƙirga numfashina. Malam bai sake magana ba sai da aka yi danna na ƙarshe.

Ya duba, ya gwada da kansa, ya ce, "Ya gyaru. Amma ka wuce lokaci, zan cire wa rukuni maki." Ya rubuta wani abu yana kare takardar da hannu kamar mai cin abinci a gaban yara.

A waje Dogo ya zauna a ƙasa daɓas. Can ya ɗago ya ce, "Shugaba, me ya sa?"

Na ce, "Anti ta manta tabaranta."

Anti ta ce, "Ƙwarai kuwa," tana share su da gefen mayafi.

Juma'a, da safe

Na yi barci kamar an ɗauke min dutse. Yaya ta ce har minshari.

Laraba, da azahar

An gama jarrabawa. Ni a ofishin Malam na yi tawa da baki, ya yi ta yi min tambaya kamar ɗan sanda, na ji daɗinta. Dogo ya ce ya rubuta har ya nemi ƙarin takarda, abin da bai taɓa yi ba, mai sa ido ma sai da ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar asibiti ta matso. Yaya ta fara haɗa jaka a ɓoye, tana tsammanin ban gani ba. Ina jin tsoro. Na rubuta, shi ke nan, ba zan ƙara ba.

Litinin, da yamma

Anti ta kira da rana ta ce Malam ya manna sakamako a ƙofar ofishinsa, ita tana wajen rigakafin auta, Dogo kuma ya kashe waya, ya ce ba zai iya dubawa ba. Na sa Yaya ta ɗaura min ɗankwali na fita.

Mutane sun cika barandar, ana turereniya. Na ɗaga hannun nan mai ɗauri sama kamar tuta, aka buɗe min hanya, karo na farko da ya yi min amfani. Ba sunaye, lambobi ne kawai. Na bi da yatsa har na kai ta Dogo, wadda na haddace tun daga takardar gwajinsa, na bi layin zuwa ƙarshe, na sake bi don kada ido ya yaudare ni. C. Da ƙyar, da maki biyu a sama da faɗuwa, don a sashenmu ƙasa da C faɗuwa ce, amma C.

Ban san na yi ihu ba sai da Malam ya leƙo. Na sauko da gudu, na tarar da Dogo inda na zata, bayan ragar fili, zaune a kan ƙwallo ya haɗa kai da gwiwa. Na gaya masa. Ya kunna waya, ya matsa gefe. Na ji ya ce, "Umma," sai muryar ta karye, na bar masa wajen.

Na shigo gida ina ta zuba, ina ba Yaya labari tun daga ƙofa. Ta bari na gama, tana yanka albasa, sannan ta ce, "To madalla. Ke kuma nawa kika samu?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ban duba ba.